Bokitin Inna Verna

Duk wanda ya yi sakandaren Tolliver daga 1962 zuwa 1998 ya ci abincin Verna Kovacich, kuma mafi yawanmu mun sha ludayinta a ƙeya. Ni sau biyu na sha. Na farko don na ce miyar wake ta yi gishiri. Na biyu kuwa shi ya sa yau nake riƙe da almakashi a shagon aski, ban bi sahun rabin abokaina da ƙurar ramin haƙar jan ƙarfe ta cinye wa huhu ba.

Ina aji uku lokacin, makarantar kuwa aji huɗu ce. Na miƙa mata farantina ina wani ɗaga kafaɗa na ce, "Inna Verna, daga Litinin kin daina ganina. Na samu aiki a rami."

"Me ka ce, Wendell? Matso, kunnena ya tsufa."

Na matsa, na ji ƙwal a ƙeya.

"Ramin gudu zai yi? Shekara ɗaya ta rage maka ka karɓi takardarka, shi ne za ka zubar don kuɗin sigari? In ban ganka a layin nan ranar Litinin ba, wallahi har cikin ramin zan biyo ka da wannan ludayin."

Litinin ina kan layi. Ba ni kaɗai ta yi wa haka ba, za mu kai mu talatin a garin nan. Gajeriya ce mai kauri, damatsanta kamar na mai sussuka, kuma ban taɓa jin ta ba wani haƙuri ba, ko da ita ce ta taka shi.

A Tolliver ba mu da abin tutiya sai biyu, ramin da makarantar. Ramin ya rufe a 1983, aka bar mu da makaranta da harafinta. Ƙaton T ne na duwatsu, kakanninmu suka jera shi a ƙirjin tudun da ke bayan filin ƙwallo, tsawonsa ƙafa arba'in. In kana dawowa daga tafiya, tun daga kwanar gada za ka hango shi fari tas, sai ka ji zuciyarka ta sauka.

Kowace kaka, ƙarshen Satumba, muna yin Makon Dawowa. Tsofaffin ɗalibai su cika gari, wasu daga Seattle, wasu daga Denver, kowa da tsohuwar rigar makaranta da ta daina rufe masa tumbi. Yara su yi ranar sa kaya a juye, su shafe tagogin kantuna da fenti kore da ruwan ƙwai, su zaɓi sarauniya, su ƙawata kekunan ɗaukar ciyawa don jerin gwanon Juma'a. Da yamma a buga ƙwallo da 'yan Wescott, garin maƙwabtanmu, waɗanda muka tsana tun kafin mu san dalili. Amma duk wannan ado ne. Ainihin makon shi ne wanke harafi da farar ƙasa.

Aikin yana da doka, kuma ba a wasa da ita. Kowa na iya kawo ruwa, kowa na iya dama farar ƙasa a gindin tudu, kodayake tunda Inna Verna ta kama aikin ba wanda ya isa ya taɓa mata muciya. Amma ɗaukar bokiti a hau da shi, a shafe duwatsu da tsintsiya, wannan na 'yan aji ɗaya ne. Wanda ya riga ya karɓi takardar gamawa, hannunsa ya haramta ga bokitin har abada. Aikinmu mu tsofaffi shi ne mu baje a kan kujeru a ƙasa, mu sha kofi, mu yi wa yaran tsiya suna hawa. An yi mana, mu ma mu yi.

Ba al'ada kaɗai ba ce, har a rubuce take. Tudun na gidan Rademacher ne, masu kiwon shanu. A 1928 tsoho Otto ya ara wa makaranta shi bisa sharaɗi guda: muddin ɗalibin sakandaren Tolliver ya wanke harafin kowace shekara cikin Makon Dawowa, tudu na makaranta ne. Aka tsallake shekara ɗaya, ya koma hannun iyalinsa.

A bazarar 1998 hukumar makarantu ta rufe mana makaranta. Wai ɗalibai arba'in da ɗaya ba su isa a kunna musu wutar ɗumama ɗaki ba. Aka kwashe sunayen yaranmu kaf aka zuba a rajistar Wescott, aka sayo mota mai kai su mil talatin kullum. Wescott fa!

Ba a yi wata biyu ba sai ga mutanen kamfanin tsakuwa a kan tudu da sandunan awo. Curtis Rademacher, jikan Otto, shi ya kawo su, kuma shi ɗin ɗan hukumar makarantun ne. Ba zan ce mugu ba ne. Na san shi tun yana majina, ya ɗauki bokitin nan shi ma a shekararsa, kuma shanu sun yi arha shekaru uku a jere. Amma ya iya lissafin kalanda. Babu ɗalibin Tolliver ko ɗaya, saboda haka ranar Juma'ar Makon Dawowa da rana ta faɗi, tudu nasa ne, motocin fasa dutse su shigo.

Asabar kafin makon, shagona ya cika maƙil da maza, ba mai son aski. Arvid Lahti, tsohon direban jirgin ƙasa, shi ya fi kowa ɗaga murya.

"Mu hau mu wanke abinmu mana! Mu nawa ne a nan?"

"Kai da ka gama a 1955?" in ji wani. "Ka taɓa bokitin nan, Curtis ya ɗauki hotonka ya kai wa lauya."

"To a kira yaran."

"Yaran 'yan Wescott ne yanzu, baba. Ja da fari suke sawa."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Arvid, ya tofar a kwandon shara.

Muna cikin haka ƙofa ta buɗe. Inna Verna ce, mace ta farko da ta taɓa shigowa shagona ba don ta ja kunnen ɗanta ba. Shekararta sittin da shida a lokacin. Ta rungumo wani ƙaton littafi mai baƙin bango, ta dire shi a kan kujerar aski.

"Kun gama kukan? Maza goma sha biyu, ba mai dabarar ko kaza. Wendell, buɗe 1946, ka karanta musu. Da ƙarfi."

Rajistar makaranta ce. Ranar da aka rufe ginin ta tsince ta a kwalin da za a ƙona. Na buɗe, na bi da yatsa. Kowane suna da abin da aka rubuta a gabansa: ya gama, ya koma wani gari, an cire shi. Sai na iso kan Verna Maric, sunanta na gidan uba. Ta shiga ranar uku ga Satumba 1946, aji ɗaya. Gaban sunan babu komai, fili ne fari.

"Inna," na ce, "ai ke 'yar 1950 ce. Kowace shekara a kekensu na jerin gwano kike zama."

"Mijina ne ɗan 1950. Na zauna kusa da shi shekara ɗaya, na zauna ta biyu, har mutane suka manta. Ni kuma ban tuna musu ba." Ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya riƙe idonta. "Kwana goma sha tara na yi a makarantar nan. Rami ya rufta da babana, ƙannena huɗu, uwata ba ta jin Turanci. Na tafi wankin kwanuka a gidan kwanan ma'aikata. Shugaban makaranta na lokacin ya biyo ni har can ya ce, Verna, ba zan soke sunanki ba, duk ranar da kika samu sarari ki dawo. To ban samu ba. Shi ya mutu, ba wanda ya sake dubawa."

Ni kunya ce ta rufe ni, ban san ta mece ce ba. Matar da ta kora mu talatin zuwa ga takarda, ashe ita ba ta da ita, kuma shekara hamsin tana ɓoyewa, har 'yarta Paulette da ke koyarwa a jami'a ba ta sani ba.

Arvid ya cire hularsa. "Verna, ba sai kin tona kanki ba. Gari zai ɗauka."

"Ya ɗauka mana, ya kai inda zai kai. Ni 'yar aji ɗaya ce a sakandaren Tolliver, ga shi a rubuce. Ko sau ɗaya ban ɗauki bokitin nan ba, ana saura mako guda na fita. Bana zan ɗauka."

"Da waɗannan gwiwoyin?"

"Da na uwarka zan ara?"

Gari kuwa ya ɗauka. Kafin Lahadi da yamma wasu matan ajin 1950 sun aiko mata cewa bana kekensu ya cika. Paulette ta bugo waya tana kuka, wai me ya sa ba ta taɓa gaya mata ba. Inna Verna ta ce mata in ta gama kukan ta aiko da takalmin hawa dutse, lamba bakwai.

Aikin da yara goma sha biyar ke yi a wuni ɗaya, ita kwana biyar ta ware masa. Litinin da hantsi muka taru a gindin tudu, mun fi ɗari. Mu muka jido ruwa. Karon farko a tarihi ta bar wani ya dama mata farar ƙasa, tana tsaye a kaina tana faɗa: "Ƙara gishiri, Wendell, in ba haka ba ruwan farko zai wanke ta. Kunu nake so, ba ruwan wanki ba." Rabin bokiti take iya ɗauka. Ta rataya tsintsiya a baya, ta kama hanya.

Minti goma sha biyar yaro ke yi ya kai harafin. Ita ta yi rabin awa. Muna kallonta tana tsayawa, tana canja hannu, tana dafa gwiwa. Ba mai magana, ba mai shan kofi. Da ta sauko daga hawa na biyu, fuskarta ja wur, sai ta dire bokitin ta riƙe ƙugu.

"Wai gawa kuka zo rakiya? Ina tsiyar? Shekara talatin da shida ina jin ku kuna yi wa 'ya'yan mutane, ni ce ba ku ɗauka ɗaliba ba?"

"Haba Inna, ai ke..."

"Ai ni me? A yi mini yadda ake yi wa kowa, ko in koma gida."

Arvid ne ya fara. "Ke 'yar aji ɗaya! Kunkuru ma ya fi ki sauri!"

"Haka nake so," ta ce, ta sunkuya ta ɗauki bokiti.

Sai muka ɓarke. "Kin zubar da rabi a hanya, a gidanku haka ake aiki?" "Yarinya, in kin gaji kira mamanki!" "Wa ya ɗauki wannan a makaranta?" Ni na ɗaga murya na ce farar ƙasar ta yi gishiri. Ta juyo daga tsakiyar tudu ta nuna ni da tsintsiya. Muna ihu muna dariya, rabinmu na share ido da hannun riga, kuma ban ji kunyar nawa ba.

Hawa takwas take yi a wuni. Ranar Laraba farar ƙasa ta cinye mata fatar yatsu, ta naɗe su da tsumma. Ranar Alhamis ta zame ta faɗi, bokiti ya gangaro har ƙasa. Mutum huɗu suka zabura, ta daka musu tsawa daga inda take zaune: "Wanda ya tako tudun nan ya ja mana asara! Ku cika wani ku ajiye, ina zuwa." Juma'a da azahar, hawa na arba'in, ta shafe dutsen ƙarshe. Ba mu da ƙungiyar ƙwallo, ba mu da sarauniya, amma mun yi jerin gwano da keken ciyawa guda ɗaya, ita kaɗai a kai, ƙafafunta cikin bahon ruwan zafi.

Lauyan Curtis ya ce masa in aka je kotu zai iya yin nasara, tunda makarantar ma babu ita. Amma uwar Curtis na da rai a lokacin, ta ce masa duk ranar da ya kai Verna gaban alƙali ya nemi wata uwar. Muka ɗauka magana ta mutu. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

A watan Afrilu wasiƙa ta zo mata daga hukumar makarantu. Wai sun duba hidimar da ta yi wa yara shekara talatin da shida, sun yanke shawarar ba ta cikakkiyar takardar gama sakandaren Tolliver, ta ƙarshe da za a taɓa bugawa da sunan makarantar. Za a miƙa mata a bikin yaye ɗalibai a Wescott, a watan Mayu. Ta kawo mini wasiƙar shago. Na karanta, raina ya ɓaci.

"Inna, da walakin goro a miya. Kina karɓa kin gama makaranta. Satumba mai zuwa ba ɗalibi, tudu ya tafi."

"Ka ɗauka ban gane ba? Kwana goma sha tara na yi a aji, ba a rami aka haife ni ba."

"To ki yaga ta."

Ba ta yaga ba. Ta ninke ta a hankali ta sa a jaka. "Wendell, ka san sau nawa na tsaya a ƙofar kicin ina leƙen bikin nan? Talatin da shida. Kowace shekara sai na zaɓi yarinya ɗaya a layi in ce ni ce waccan." Ta miƙe. "Za ka kai ni a motarka. Na sayi riga."

Ban yi mata musu ba. Wa ya isa ya ce mata kada ta karɓa? Ta biya kuɗin takardar nan fiye da duk wanda ya taɓa riƙe ta. Na gaya wa Arvid, ya ce, "In ta karɓa, ni zan fara yi mata tafi. Duwatsu ne kawai." Ƙarya yake yi, ni ma na san ƙarya yake yi, amma na ce haka ne.

Ranar Lahadi ce da rana, zauren wasannin Wescott ya cika, ko'ina ja da fari. 'Yan Tolliver muka haɗu a kusurwa guda kamar baƙi a gidan biki. Paulette ta zo daga nesa da kyamara. Bayan an gama da yara, aka kira Verna Maric Kovacich. Sun sa mata doguwar rigar nan ta yaye ɗalibai da hula mai tuntu, kore da ruwan ƙwai, launinmu, ban san inda suka tono su ba. Ta hau matakala tana ɗingishi, zaure duka ya miƙe tsaye, har 'yan Wescott.

Curtis ne ke riƙe da takardar. Ya miƙa mata. Sai muka ga ta mayar da hannuwanta biyu baya ta sarƙe su.

"Buɗe in gani, ɗan nan. Kai ka riƙe."

Ya buɗe. Ta matso da fuska ta daɗe tana kallo, leɓɓanta na motsi.

"Karanta mini. Da ƙarfi, yadda aka yi wa sauran."

Ya karanta, tun daga sunan makaranta har sunanta, har inda aka ce ta cika duk abin da ake buƙata. Da ya gama ya sake miƙa mata. "Inna Verna, karɓi. Wallahi kin cancanta."

"Na san na cancanta. Kai za ka gaya mini?" Abin magana na kusa da bakinta, kowa na ji. "Na gani, na ji, na gode. Rufe ka mayar."

"Inna, don Allah. Shekara nawa gwiwoyin nan za su ƙara yi miki? Biyu? Uku?"

"Ko ɗaya ce, tawa ce. Ka gaya wa masu tsakuwarka yarinyar ba ta da ƙoƙari, bana ma ta maimaita aji."

Ta cire hular ta ɗora masa a kan takardar, ta juya ta sauko, hannuwanta na baya har ta kai ƙasa. 'Yan Wescott ba su san ko su yi tafi ba. Mu kuwa kusurwarmu ta kama da ihu, Arvid na buga sandarsa a kan benci har aka zo aka roƙe shi.

Muka kama hanyar gida a mota. Ta juya fuska wajen taga, ina jin tana jan hanci, ni kuma na kafe idona a kan titi don na san abin da zai same ni in na kalle ta. Can ta ce, "Ka ga sunan? Da ruwan zinariya suka rubuta shi."

"Na gani, Inna."

"Da kyau fa, Wendell. Wallahi da kyau. Da na saki hannun nan, da na karɓa." Ta buɗe tafukanta a kan cinya. Farcenta ya huda fatar har jini ya fito, wuri huɗu a kowane hannu. Ta goge a jikin sabuwar rigar. "Gobe ka biya kantin kayan gini, ka ce su ajiye mini farar ƙasa buhu shida kafin Satumba. Kuma bokitin bara ya lotse, a samo mini wani."